Mun biya kuɗin lasisi amma rimot ɗin ofis yana korar ma'aikata, ina matsalar take?

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya, barka da aiki. Dan Allah a taimaka min, ni ne mai kula da kwamfutoci a wata ƙungiya a Utako nan Abuja, ban cika shekara da kama aikin ba. Kafin in zo wani ɗan kwangila ya haɗa mana saba guda biyu masu Windows Server 2022, ma'aikata wajen 40 suna shiga ta rimot, wato Remote Desktop, daga ƙananan akwatunan nan da ke kan tebur, sannan akwai ɗakin shigar da bayanai mai Windows 11 guda 28 duk a cikin saba suke. Komai lafiya kusan wata huɗu, ranar Litinin ɗin nan kawai sai ya fara korar mutane yana cewa "there are no Remote Desktop License Servers available to provide a license". Ga Word da Excel kuma, na ogogi yana yi amma kusan kullum sai sun sake sa kalmar sirri, na ƙananan ma'aikata kuwa tun farko "Unlicensed Product" yake nunawa. Su kuma 28 ɗin can lambar kuskure 0xC004F038 suke bayarwa. Oga ya ce an biya kuɗin komai in daina kawo mishi zancen kuɗi, ɗan kwangilar baya ɗaga waya, wani abokina kuma ya ce akwai abinda zan goge a rajistiri, ma'ajiyar saitin Windows, shikenan magana ta ƙare. In goge?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka goge komai tukuna, ka ɗan saurare ni.

Ai kai da kanka ka faɗi cutar a cikin tambayarka baka lura ba, inda ka ce "kusan wata huɗu". Je ka nemo takardar da ɗan kwangilar nan ya miƙa aiki ko ranar da aka fara shiga rimot ɗin, ka ƙirga kwanaki zuwa Litinin ɗin da abin ya fara, zan yi mamaki in bai faɗo kan 120 ba ko kusa da shi ƙwarai. Duk sabar da aka sa mata Remote Desktop Session Host, Microsoft tana ɗaga mata ƙafa na kwana 120, a cikin kwanakin nan kowa zai shiga ba tare da an tambaye shi lasisi ba, don a ba masu haɗawa lokaci su kammala saiti. Toh abinda yake faruwa a garin nan, kuma na gani ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, shi ne mai kwangila ya haɗa, kowa ya shiga, a tafa mishi, a biya shi cikon kuɗinsa ya kama gabansa, alhali aikin lasisin ko taɓa shi bai yi ba. Ba lallai mugunta bace, wani wallahi bai ma san akwai agogon da ke tafiya ba. Sai bayan wata huɗu abin ya fashe a hannun wanda ya gaji kujerar, wato kai.

Kuma matsala uku ce ka kawo min ba ɗaya ba, duk da sun zo maka a dunƙule. Ka ɗauke shi kamar mota a titin Abuja: akwai lasisin tuƙi, akwai takardun mota, akwai inshora, kowanne da ofishin da ke bayarwa da ranar ƙarewarsa, in jami'i ya tsare ka a kan takardun mota baka isa ka nuna mishi lasisin tuƙi ka ce ai na biya ba. Oga bai yi ƙarya ba da ya ce an biya, abin tambayar shi ne an biya na me. Shiga rimot lasisinsa daban ana ce mishi RDS CAL, Office nasa daban, Windows ɗin da ke cikin 28 ɗin can shi ma nasa daban, kuma kowanne da irin kukan da yake yi. In baka rarrabe su ba sai ka bar jaki kana dukan taiki har sati ya ƙare.

Mu fara da wanda ya tsayar da aiki. Ko da saba tana korar kowa, kai mai kula da ita kana da hanyar shiga, ka buɗe Run a kwamfutarka ka rubuta mstsc /admin, wannan shigar ta masu gudanarwa ce bata cin CAL. Da ka shiga ka buɗe lsdiag.msc, shi ne RD Licensing Diagnoser, zai gaya maka a fili abinda ke damunsa: ko ba a saita nau'in lasisi ba, ko ba a nuna mishi sabar lasisi ba, ko an nuna amma baya iya kaiwa gare ta, ko ya kai amma babu lasisin da ya dace da shi. Mutane da yawa basa buɗe wannan abin, sai su tafi YouTube suna neman magani alhali sabar tana ɗauke da takardar likita a aljihunta.

In ya ce ba a saita ba, wannan mai sauƙi ne in dai akwai lasisin a ƙasa. A Group Policy zaka bi Computer Configuration, Administrative Templates, Windows Components, Remote Desktop Services, Remote Desktop Session Host, sannan Licensing, a nan akwai saiti biyu, ɗaya na rubuta sunan sabar lasisi, ɗaya na zaɓar Per User, wato lasisi ga kowane mutum, ko Per Device, lasisi ga kowace na'ura. Amma in ɗan kwangilar ya haɗa ku da Connection Broker, mai raba ma'aikata tsakanin sabobi, toh a Server Manager ake saitawa wajen kadarorin deployment ɗin, ka duba wanne ya yi amfani da shi kar ka sa wuri biyu suna faɗin abu biyu daban. Kuma nau'in da ka zaɓa dole ya zama irin wanda aka saya. An sayi Per Device kai ka saita Per User, sabar zata ce maka babu lasisi alhali ga su nan jibge.

Inda na fi zargi a naku shi ne shekara. Tunda oga ya dage an biya, mai yiwuwa akwai tsohuwar saba a ofishin da aka taɓa saya mata CAL tun zamanin 2016 ko 2019, ɗan kwangila ya ce ai kuna da shi. Ƙa'idar ita ce CAL sabo yana buɗe tsohuwar saba amma tsoho baya buɗe sabuwa, wato CAL na 2022 zai yi aiki a kan saba 2019 ko 2016, na 2016 kuwa ba zai shigar da kowa saba 2022 ba ko guda ɗari kuke da shi. Sannan akwai ta biyu da ke kama mutane: ita kanta sabar da ke riƙe lasisin dole ta kai shekarar CAL ɗin ko ta wuce, ba zaka iya loda CAL na 2022 a kan sabar lasisi mai Windows Server 2016 ba. Don haka ka buɗe licmgr.exe a sabar lasisin ka karanta da idonka, wace shekara, wane nau'i, guda nawa, nawa aka bayar, kuma ita sabar an kunna ta wajen Microsoft ko har yanzu jan alama ne a kanta. In kun saya da Software Assurance, yarjejeniyar da ke ba da haƙƙin sabon fitowa, kuma yana raye lokacin da 2022 ta fito kuna da haƙƙin sabon, sai ku nemi dilan da ya sayar muku. In babu, toh gaskiya sai an saya, babu dabarar da zata maye gurbin wannan.

Ka kuma duba rasit ɗin da kyau, don akwai Windows Server CAL akwai RDS CAL, sunan ya yi kama, ana buƙatar duka biyun, kuma na sha ganin ofishin da ya sayi na farkon kawai yana zaton ya gama.

Tsakanin Per User da Per Device, tunda ma'aikatanku daga akwatunan kan tebur suke shiga, ka yi lissafi kafin ka kai wa oga. In mutum 40 ne a kan akwati 40 kuma wasu suna shiga daga gida da laptop, Per User ya fi muku, mutum ɗaya lasisi ɗaya ko da na'ura nawa ya shiga. In kuwa aikin karɓa-karɓa ake yi, masu safe su tashi masu yamma su zauna a kujera ɗaya, Per Device ya fi arha. Sai dai Per Device yana da halinsa: karon farko da na'ura ta shiga ana bata na wucin gadi na kwana 90, a shiga ta biyu a bata na dindindin wanda shi ma yake da wa'adi tsakanin kwana 52 zuwa 89 kafin ya sabunta, kuma na'urar ce ke ajiye shi a jikinta. Toh wasu akwatunan an saita su su manta komai da an kashe su, kullum sai su dawo kamar baƙi su karɓi sabo, kafin ka ankara akwati 40 sun cinye lasisi 40 sun fara neman ƙari, kuma kashi 20 cikin ɗari kawai ake barinka ka janye da hannu. Per User kuma yana son domen, wato tsarin Active Directory da ke riƙe asusun ma'aikata da kwamfutoci a wuri ɗaya, kuma dole sabar lasisin ta kasance cikin rukunin Terminal Server License Servers a Active Directory, in ba haka ba zaka ga saƙon nan mai cewa za a cire mutum bayan minti 60. In duk wannan daidai ne amma Diagnoser yana cewa baya kaiwa, ka duba fayawol, ƙofa 135 da jerin ƙofofin RPC daga 49152 zuwa 65535 su ne hanyar da suke magana.

Yanzu maganar abokinka. Na san abinda yake nufi, akwai wani maɓalli a rajistiri da ke riƙe lissafin kwana 120 ɗin, in an cire shi agogo ya koma farko. Ba zan ce maka baya aiki ba don zaka gwada ka ga ya yi ka ce Injiniya maƙaryaci ne. Amma me ka gyara? Ka tura ranar fashewar gaba da wata huɗu, kuma wannan karon babu ɗan kwangilar da za a ɗora wa, sunanka ne a kai. Sannan ka mayar da ƙungiyar mai amfani da abinda bata biya ba, ku kuma masu karɓar kuɗin masu tallafi kun san yadda odita yake bin rasit ɗaya bayan ɗaya. Mafi muni a wurina shi ne ka ɓoye wa oga gaskiya, yau ne kake da hujja a hannu, aiki ya tsaya kowa ya gani, in ka lallaɓa ya tashi a ɓoye gobe ka zo neman kuɗin CAL zai ce ai kwanaki ka gyara ba ko sisi, sake gyarawa. Haka 'yan ƙananan manhajojin nan na fasa lasisi da ake yawo da su a filash, kar ka kusantar da su sabar da ke ɗauke da sunaye da lambobin wayar mutanen da kuke tallafawa, baka san me aka cusa a ciki ba, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanai a ƙasar nan da hukumar NDPC da ke bibiya. A laptop ɗinka na gida wannan tsakaninka da Allah ne, a sabar ofis kuwa amana ce.

Sai Office. A nan ma ka bani amsar da bakinka: na ogogi yana yi, na ƙananan ma'aikata baya yi. Kwamfuta bata san oga ba, abinda ta sani shi ne irin lasisin da aka liƙa wa asusun mutum. Ka shiga Microsoft 365 admin center ka buɗe mutum ɗaya daga kowane ɓangare ka kwatanta, ina kyautata zaton zaka tarar ogogi suna kan Business Premium ko E3, sauran kuma an saya musu Business Standard don a rage kuɗi. A kan laptop na kowa da kowa Business Standard lafiya lau yake, mutum zai sa Office a kwamfuta har biyar. Amma a saba da mutane da yawa ke shiga lokaci ɗaya Office yana aiki ne da wani tsari da ake kira shared computer activation, kuma ba kowane lasisi ke da izinin wannan ba: Microsoft 365 Apps for enterprise da tsare-tsaren da ke ɗauke da shi kamar E3 da E5 suna da shi, Business Premium yana da shi, Business Standard da Apps for business basu da shi. Ko ka cire Office ka sake sawa sau goma haka zai ci gaba da nuna musu, kuma zai bar su su buɗe fayil su karanta amma ba gyara ba ajiye sabo. Maganin shi ne a ɗaga lasisin waɗanda ke aiki ta rimot kawai, ba dole sai kowa ba, direba ko mai aikin fili da imel kawai yake dubawa a waya babu ruwansa da wannan. Ka zauna da jerin sunaye ka tace, wannan tacewar ita zata sa oga ya saurare ka.

Ka tabbatar kuma an kunna tsarin a sabobin biyu duka. A rajistiri ƙarƙashin HKLM\SOFTWARE\Microsoft\Office\ClickToRun\Configuration akwai SharedComputerLicensing, ya zama 1. Dubawa na ce ba gogewa ba. Ko ka buɗe Word ka je File, Account, About Word, zai rubuta a sama in yana kan wannan tsarin.

Su kuma ogogi da ke sake sa kalmar sirri kullum, nasu ba matsalar kuɗi bace. In mutum ya shiga Office a irin wannan saba ana ba shi wani ɗan tikiti da ake ajiyewa a furofayil ɗinsa, a %localappdata%\Microsoft\Office\16.0\Licensing, yana da kwana 30 kuma yana sabunta kansa in akwai intanet. In komai daidai ne mutum zai yi wata da watanni ba a tambaye shi komai ba. Toh ku saba biyu gare ku, yau a jefa Hajiya ta akawu saba ta ɗaya gobe ta biyu, in furofayil ɗin baya binta ko kuma an saita a share shi da ta fita, kullum a matsayin baƙuwa take zuwa. Gwajin mai sauƙi ne, ka sa ɗaya daga cikinsu ya shiga ya kunna Office, ka leƙa foldar ka ga fayilolin, ya fita ya dawo ka sake leƙawa. In wayam ne ka kama ɓarawon. Abinda aka fi amfani da shi yanzu shi ne FSLogix, wanda Microsoft ta saya a 2018, yana ɗaukar furofayil ɗin mutum gaba ɗaya ya zuba a faifai guda a kan sabar fayil, duk sabar da ya faɗa sai a manna mishi. In an riga an sa shi amma baya aiki ka duba izinin foldar da ƙofa 445, ka kuma duba ko wurin ajiyar ya cika, don in ya kasa manna faifan sai ya ba mutum furofayil na wucin gadi shiru ba tare da wani ihu ba, mutum ya ga hoton bangon skirin ɗinsa ya canza ya ɗauka aljanu ne.

Na ukun, 0xC004F038, shi na fi jin daɗinsa don lissafi ne tsantsa. Windows ɗin nan 28 suna kunna kansu ne ta KMS, wata saba a cikin gida da ke tabbatar musu maimakon kowacce ta je wajen Microsoft. KMS kuwa tana da sharaɗi, bata fara kunna Windows na tebur sai ta ga kwamfutoci daban-daban guda 25 sun ƙwanƙwasa mata, na saba da na Office kuma 5 ya isa. Lambar da ka turo ma'anarta kenan: na same ki, mun yi magana, amma kin ce adadi bai cika ba. Toh ku 28 ne, ya aka yi bai cika ba? A nan gizo ke saƙar. KMS ba sunan kwamfuta take ƙirgawa ba, wata lamba ce ta ciki da ake kira CMID. In mai haɗawa ya gyara Windows guda ɗaya ya yi ta kwafe ta sau 28 ba tare da ya gudanar da sysprep /generalize, umarnin da ke share wannan lambar, a kan uwar ba, duk 'ya'yan da lamba ɗaya suke fitowa, KMS tana ganin mutum ɗaya ne ke ta dawowa yana canza hula. Ka je sabar KMS ka rubuta slmgr /dlv ka duba Current count, in ka ga 1 ko 3 ko wani abu ƙasa can, sai ka je kwamfuta biyu cikin 28 ɗin ka rubuta umarnin nan dai ka kwatanta CMID ɗinsu. In iri ɗaya ne magana ta ƙare.

Gyaran na asali a kan uwar ake yi, a gudanar da sysprep yadda ya kamata a sake fitar da 'ya'yan. In kowacce ta riga ta zama ta wani da kayansa a ciki ba a son rushewa, slmgr /rearm da sake kunnawa yana ba kowacce sabuwar lamba, sai slmgr /ato. Ka fara da guda biyu ka ga lissafin ya motsa kafin ka bi sauran. Kuma ka sani 28 ya yi kusa da bakin 25 da yawa, KMS tana mantawa da kwamfutar da bata ji ɗuriyarta ba kwana 30, in aka rufe ɗakin nan lokacin hutun ƙarshen shekara ko aiki ya yi sauƙi aka kashe rabi, lissafi zai sauko. Waɗanda suka riga suka kunnu suna da kwana 180 kuma suna neman sabuntawa duk kwana 7, don haka ba nan take zaka gani ba, sai can wata rana. Ni da ni ne, tunda kuna da domen, zan koma Active Directory-Based Activation, tun Windows Server 2012 yake, mabuɗin KMS ɗin nan dai ake amfani da shi, babu ruwansa da adadi, duk wadda ta shiga domen ta kunnu. Ofis ƙarami irin naku shi ya fi dacewa da shi, ban san me yasa masu haɗawa suke son wahalar da kansu ba.

Wani abu kuma da ba kuskuren skirin zai nuna maka ba: Windows ta kunnu ba shi ne kuna da haƙƙinta ba. Lasisin da ke zuwa manne da laptop daga kamfani na wannan laptop ɗin ne, baya bin mutum cikin saba, Windows na tebur da ke gudana a cikin saba yana da nasa tsarin, VDA wato Virtual Desktop Access, ko Windows Enterprise na kowane mutum. Ka tambayi dilanku a rubuce wanne kuke da shi na 28 ɗin nan, a rubuce na ce, ba a waya ba.

Kafin duk wannan ma, abinda ya kamata in fara da shi na manta: agogo. Akwai wani ofis a Garki da na taɓa kwana biyu ina fama da wani kuskuren KMS mai lamba 0xC004F074, na duba DNS, na duba rikodin _vlmcs._tcp yana nan, ƙofa 1688 a buɗe, komai tsaf, har na fara zargin kaina. Ashe wanda ya haɗa sabar ya barta a yankin lokacin yammacin Amurka yadda ta zo, da ya ga agogo bai yi daidai ba sai ya juya shi da hannu ya dace da na bangon ofis. A ido ƙarfe goma ne, a cikin na'ura kuwa an yi gaba da awa takwas ko tara, KMS kuma bata yarda da bambancin da ya wuce awa 4, shiga domen ma minti 5 kawai yake haƙuri. Na gyara yankin zuwa West Central Africa, UTC+1, cikin minti biyu komai ya kunnu, na zauna ina kallon skirin kamar in yi kuka. Ga kuma namu na gida, a ɗauke wuta inbata ta mutu kafin a tada janareta, sabar ta mutu gaba ɗaya, ɗan batirin CR2032 da ke kan allonta ya riga ya ƙare, ta tashi da kwanan watan da ya wuce shekaru, duk kwamfutocin cikinta su kwafi wannan lokacin. Ka rubuta w32tm /query /status a kowace saba ka ga daga ina take ɗaukar lokaci. Sannan ka saita jerin tashi, domen da DNS su fara, sabar lasisi ta biyo, masu karɓar ma'aikata su zo ƙarshe da jinkirin 'yan mintuna, don in suka riga tashi zasu nemi lasisi su rasa su fara kuka alhali ba abinda ya lalace.

Game da oga, kar ka shiga ofishinsa da "sai an ƙara kuɗi", ka riga ka ji amsar wannan. Ka shiga da takarda ɗaya: ga abinda rasit ya nuna an saya, ga abinda sabar ke nema, ga hoton Diagnoser, ga ranar da aka haɗa da ranar da kwana 120 ya cika. Mai yiwuwa ma biyu daga cikin matsalolin ba sa buƙatar ko kwabo, na ogogi da na ɗakin 28 aikin saiti ne, ka fara gyara waɗannan ya ga da idonsa, sannan ka kawo na kuɗin. In kwangilar ta ce da lasisi a cikin abinda aka biya, wannan kuma tsakanin ofis da ɗan kwangilar ne, wasiƙa daga ofis zata sa ya ɗaga wayar da taka bata sa ba. A yau ɗin nan kuma, waɗanda aikinsu ba zai jira ba su buɗe Word da Excel ta burauza a office.com, Business Standard ya ba su wannan, a rage zafi kafin CAL ya iso.

Ka turo min hoton lsdiag.msc, da na licmgr.exe inda shekarar CAL ta fito, da Current count na KMS ɗin, amma ka rufe mabuɗan da sunan domen ɗinku kafin ka turo. Ka kuma gaya min ranar da aka miƙa aikin, ina so in ga ko lissafina na 120 ya faɗa daidai.